Kundi na Biyar da Takardun da Ke Cikinsa

Alhakin da aka ɗora mini ba shi da wuyar faɗa. Tsohon hedimastan makarantar garinmu, wanda manya da yara suke kira Baba Malam, ya umarce ni in tabbatar cewa kundaye shida na wasiƙun wani shugaban ƙasar Amurka, waɗanda ya ajiye tun yana sabon malami, sun shiga laburaren makaranta a haɗe, tare da kowace takarda da ke tsakanin shafukansu. Ya faɗa mini haka ne da rana, a gadon asibiti a Kafanchan, matarsa tana zaune tana yi masa fifita. Na amsa, ya ce bai ji ba, na sake amsawa da ƙarfi. Bayan mako biyu ya rasu. Yau kundayen suna kan kanta a laburare, su shida cif, amma takardun da suka fi muhimmanci ba sa ciki, kuma ina cikin waɗanda suka jawo hakan. Shi ya sa nake rubuta wannan bayani.

Ni ce akawun makarantar, kuma na yi aikin fiye da shekara talatin kafin in yi ritaya. Rajistar ɗalibai da fayil na malamai da littafin baƙi duk a hannuna suke. Ni ce kuma mai buga tafireta. Dokar Baba Malam ita ce kada takarda ta fita daga ofis sai an sa kabon a ƙarƙashinta, ko da takardar neman alli ce. Idan kabon ya tsufa har baƙin ya daina fita, sai ya ɗaga kwafin sama ya duba a hasken taga, ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Na san ma'anarsa: in sake bugawa.

Kundayen sun zo hannunsa ne daga wata malamar mishan wadda ta koyar da shi, ta bar masa su sa'ad da za ta koma ƙasarsu. Bangonsu iri ɗaya ne, shuɗi mai duhu, girmansu ɗaya, ba abin da ya bambanta su sai wata 'yar lamba a gadon bayan kowanne, wadda ta riga ta dushe. Shugaban da ya rubuta wasiƙun ya yi mulki a farkon ƙarni na ashirin. Ban taɓa karanta kundayen daga farko zuwa ƙarshe ba, amma na ji labarinsu sosai, domin lokacin hutun tara Baba Malam yakan zauna a ofishina da ɗaya a cinyarsa, yana ba ni labari ina cin gyaɗa. Ta bakinsa na san cewa mutumin ya yi faɗa da manyan kamfanoni masu cinye ƙanana, ya zauna tsakanin masu haƙar kwal da masu ramukan sa'ad da yajin aiki ya yi tsanani, ya hana a sare wasu dazuzzuka. Yana rubuta wa sanatoci da sarakunan Turai, kuma a rana guda ya rubuta wa 'ya'yansa har da zanen dabbobi a gefen takarda.

Baba Malam ba mai bautar mutumin ba ne. Yana ba shi amsa da fensir a gefen shafi, kamar yana duba aikin ɗalibi. Inda shugaban ya yabi mulkin Turawa a Afirka, ya nuna kamar mu yara ne masu bukatar mai riƙo, Baba Malam ya cika gefen shafin da ƙaramin rubutunsa har ya zagayo ƙasa. Wata rana na tambaye shi abin da ya sa yake ɓata lokacinsa da mutumin da ya raina mu.

"Akawu, ta yaya muka san ya raina mu?" in ji shi.

"Ba ga shi a rubuce ba, Baba?"

"To, wa ya ajiye rubutun? Da ya ga dama ai da ya ƙone. Ki nuna mini ɗan siyasarmu ɗaya da za ki iya kama shi da takardarsa." Ya rufe kundin da yatsa a ciki. "Abin da ke damuna da shi ɗaya ne. Muryarsa kaɗai nake ji. Waɗanda ya zaga, ina amsarsu?"

Kundi na biyar ne ya fi tsufa a hannunsa, domin shi ya fi buɗewa. A cikinsa ne abotar shugaban da babban amininsa take lalacewa. Shi da kansa ya zaɓi aminin ya gaje shi, ya yi masa yaƙin neman zaɓe, ya tafi farauta a Afirka. Da ya dawo sai ya ga ba a tafiyar da mulki yadda yake so. Suka ɓata, jam'iyyarsu ta rabu biyu, a zaɓe na gaba duka biyun suka faɗi. Baba Malam yakan ce wanda ya karanta na huɗu ya tsallake zuwa na shida zai ga aminai a nan, abokan gaba a can, ba zai san ta inda ɓarakar ta shiga ba.

Yana da dalilin damuwa da wannan kundin. Shi ma yana da amini, wanda suka yi makaranta tare, suka yi baftisma a rafi ɗaya a rana ɗaya. Sa'ad da aka nemi garinmu ya ba da mutum a ƙaramar hukuma, Baba Malam aka fara tuntuɓa. Ya ce shi ba zai bar aji ba, ya kawo amininsa, ya bi unguwa-unguwa da kekensa yana roƙa masa goyon baya. Aminin ya ci, daga baya har ya zama ciyaman, kuma da wannan sunan ake kiransa har yau. Ɗan Ciyaman ya auri 'yar Baba Malam ta biyu, abota ta zama surukuta.

Sai maganar asibitin sha-ka-tafi ta taso. Hukuma ta ce za ta gina ɗaya a yankinmu, gari ya ba da fili. Ciyaman ya zaɓi gonar makaranta, wadda ke daf da unguwarsu. A wannan gonar ne ɗalibai suke noman citta da masara, daga ita ake ciyar da masu kwana a makaranta. Baba Malam ya ƙi. Aka yi ta kai da kawowa har damina ta wuce, aka ɗauke asibitin aka kai wani gari. Tun daga ranar magana ɗaya ta zauna a bakin mutane: Baba Malam ne ya kori asibiti, saboda yana baƙin cikin ɗaukakar amininsa. Duk macen da naƙuda ta kama aka ɗora ta a babur zuwa Kafanchan, sai an ambaci sunansa, kuma ba da alheri ba.

Ni na buga wasiƙun da ya aika wa Ciyaman a lokacin, guda shida. Amsoshi biyar suka dawo, da hannun Ciyaman, a takarda mai layi. A wasiƙa ta biyu Baba Malam ya ba da gonarsa ta gado, wadda ke bakin hanya, kyauta, a gina asibitin a kai. A amsar da ta biyo baya Ciyaman ya ƙi, ya ce wurin ya yi nisa da mutanensa. Dole kuma in faɗi abin da ke cikin wasiƙa ta biyar, domin ban ɗauki alƙalami don in wanke kowa ba. A cikinta Baba Malam ya tuna wa amininsa wanda ya ɗauko shi daga ƙasa, da kalmomin da bai kamata dattijon ikilisiya ya rubuta ba. Na tsaya da bugawa a tsakiyar layi.

"Baba, wannan ta yi zafi. A bar ta ta kwana."

"Buga."

"To, ko in cire kabon ɗin?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wato ki ajiye inda na yi kyau, ki jefar da inda na yi muni? Ke akawu ce ko mai wankin riga?"

Na buga da kabon. Da musayar wasiƙun ta ƙare, ya haɗa kwafi shida da amsoshi biyar, ya jera su bi da bi, ya sa a cikin kundi na biyar. Bai taɓa karanta su a gaban jama'a ba. Na roƙe shi ba sau ɗaya ba, yakan ce 'yarsa tana gidan Ciyaman, ba zai sa ta ci tuwo da hawaye ba. Sai a asibiti ya ce idan ya tafi a ajiye su inda duk mai so zai karanta, nasa da na amininsa tare.

A wajenmu, bayan an yi jana'iza da 'yan kwanaki, dangi sukan taru a raba kayan hannun mamaci. Ba gado ake nufi ba, gona da gida suna da nasu zaman. Wannan rabon na riguna ne da huluna da sanda da agogo, domin kowane gida na dangi ya koma da wani abu da mamacin ya taɓa. Abin kunya ne a bar gida ɗaya ya tafi hannu wofi. Dangin Baba Malam suna da yawa, rigunansa kuwa kaɗan ne, domin mutum ne mai sa riga har ta mutu a jikinsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, fasto ya yi addu'a, babban ɗansa ya ce, "Anti, ke ce mai rubutu, zo ki riƙe mana lissafin wanda ya samu me." Aka ba ni kujera da littafi.

Riguna suka ƙare, saura gidaje shida ba su samu komai ba. Ƙanen marigayi, wani tsoho manomi daga Godogodo, ya shiga ɗaki ya fito rungume da kundayen.

"Ga su nan, Allah ya kawo sauƙi," in ji shi. "Littafi shida, gida shida. Duka iri ɗaya ne, kamar na waƙa a coci. Ban san me ya sa yaya ya saya abu ɗaya har shida ba."

Aka yi dariya. Wata gwaggo ta ce ai masu boko haka suke, ɗaya na karantawa, biyar na nuna wa baƙi. Ba wanda ya yi mugun nufi. Littattafan da suka sani masu bango iri ɗaya su ne na sujada, waɗanda ake jerawa a benci, kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. Na dubi Mama, matar marigayi, wadda ta ji umarnin da kunnenta. Kanta yana ƙasa, matan zumuntar coci sun kewaye ta, kuma a al'ada ba ta da baki a wannan zama. Ni kuwa ba dangi ba ce, mace ce kuma, an kira ni in rubuta ne kawai. Na gaya wa kaina cewa zan yi magana idan an tashi. Hannuna ya ci gaba da aikinsa. Abu ɗaya na yi daidai: kafin a miƙa kowane kundi na karɓa na duba lambar da ta dushe, na rubuta ta a gaban sunan gidan. Kafin a tashi, masu nisa sun riga sun hau mota.

Na yi wata uku ina jin nauyin abin kafin in je wurin babban ɗan in faɗa masa. Ya riƙe baki. Ya ce shi ba zai iya karɓar abin da dangi suka bayar ba, amma ba zai hana ni roƙo ba. Uku daga cikin kundayen suna cikin gari da Kafanchan, na same su ba wahala. Na huɗu yana Gwantu, wurin wata 'yar ƙanwar marigayi mai sayar da manja. Ta sa shi a kabad mai gilashi tare da kwanukan aurenta, ta cusa katin baftismar 'ya'yanta a ciki domin kada su lanƙwashe. Da na yi mata bayani ta ce, "Ashe labari ɗaya ne aka yanka shida? Kai, mun yi abin kunya." Ta cire katunanta, ta naɗe kundin a ɗankwali, ta haɗa mini da kwalbar manja.

Tsohon Godogodo ya fi wuya. Na same shi yana yankan citta a ƙofar gida, na shida yana ƙarƙashin matashinsa a ɗaki.

"Malama, kin zo karɓa abin da dangi ya ba ni? Ni ban iya karatu ba, amma warin yaya yana ciki."

"Baba, ba ƙwace na zo yi ba. Shi ya ce a haɗa su."

"Ya gaya miki, bai gaya mini ba. Ni da shi ciki ɗaya. To, idan na ba ki, me zan riƙe?"

Gaskiyarsa ce, kuma na zo da shirin haka. Ranar da na yi ritaya Baba Malam ya ba ni baƙar laimarsa, wadda ya yi shekaru yana zuwa makaranta da ita. Na miƙa wa tsohon. Ya buɗe ta a tsakar rana, ya duba inda aka ɗinke, ya ce ya san wannan ɗinkin, na matar yaya ne. Ya shiga ya fito da kundin. Na koma gida cikin yayyafi ba laima, ban kuwa ji haushi ba.

Lissafina ya nuna cewa na biyar ya faɗa hannun 'yar Baba Malam ta biyu, matar ɗan Ciyaman. Suna zaune a Fadan Kaje, inda mijin yake aiki, kuma Ciyaman da kansa yana wurinsu tun da idanunsa suka raunana. Na bar wannan tafiyar a ƙarshe domin ina jin tsoronta. Na isa da hantsi. 'Yar ta karɓe ni da murna, ta ce ta ajiye littafin a teburin falo, bayan kwana biyu surukinta ya ce a kai masa ɗakinsa. Ita ba ta taɓa buɗewa ba.

Na same shi a kujerar zaure, ya rame, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Akawun tafireta," in ji shi. "Har yanzu kina buga wa mutane zagi?"

"Na yi ritaya, Baba Ciyaman. Abin da aka ba ni nake bugawa."

Ya yi 'yar dariya, ya sa aka kawo kundin. Tun kafin in buɗe na san babu komai a ciki, domin a da yana da kumburi a tsakiya, yanzu ya kwanta sumul. Shafukan da takardun suka zauna shekara da shekaru sun yi launin ƙasa daidai girmansu. Na tambaye shi cikin ladabi ko ya ga wasu takardu. Ya ce shi makaho ne, yara suna shiga ɗakin, mai shara tana shiga. Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Nawa ma ya ajiye?" ya tambaya, fuskarsa tana kallon bango.

"Duka biyar, Baba. Da nasa shida. Har da wadda ya zage ka."

"Har da ita?"

"Shi ya hana ni cire kabon."

Sai ya ce wa surukarsa ta kawo mini abinci, ya ce hanya tana da nisa. Bai ce ya ƙone su ba, bai ce suna nan ba. Ban sani ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba.

Na jera kundayen a laburare bisa lambarsu. Wani lokaci nakan je in zauna in buɗe na biyar, in bi rubutun fensir ɗin da yatsa. Wancan shugaban ya mutu tun kafin a haifi iyayena, ƙasarsa tana bayan teku, amma duk ɗalibin da ya ga dama zai iya zama a nan ya ga yadda ya ɓata da amininsa, ya yanke wa kansa hukunci. Mutanen garinmu ba za su iya yin haka game da dattawansu biyu ba, alhali ɗaya yana da rai, ɗayan kuma ciyawa ba ta gama rufe kabarinsa ba.

Yanzu tsofaffin ɗalibai sun kawo shawarar a sa wa laburaren sunan Baba Malam, kwamitin makaranta zai zauna a kai bayan girbi. Wasu sun riga sun ce ba za a sa sunan wanda ya kori asibiti a jikin gini ba. An ce in tashi in faɗi abin da na buga. Zan faɗa idan an tambaye ni, amma na san matsayin maganata. Ni ma'aikaciyarsa ce, kowa ya san ina ƙaunarsa, kuma abin da tsohuwa ta tuna ba daidai yake da takarda mai sa hannu ba. Shi ya koya mini haka.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon dattawan ikilisiyarmu da shugabannin gidajen biyu su zauna kafin zaman kwamitin, su binciki inda takardu goma sha ɗaya da ke cikin kundi na biyar suka shiga. Ina roƙon a fara da ni, a tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiru a ƙarƙashin mangwaro alhali na san umarnin marigayi. Zan kawo littafin rabon da na rubuta da hannuna. Ina roƙon a ji ta bakin Mama, wadda ta shaida umarnin. Ina roƙon dattawa biyu, sa'o'insa, su je Fadan Kaje su tambayi Baba Ciyaman a keɓe, ba a gaban surukarsa ba, ba kuma da nufin kunyata shi ba. Idan takardun suna nan, a mayar da su mazauninsu, a karanta su duka bi da bi, har da ta biyar. Idan kuwa an hallaka su, a faɗa a sarari, a rubuta a littafin ikilisiya cewa sun taɓa kasancewa, da abin da ya same su. Ina kuma roƙon kwamitin makaranta ya dakatar da hukuncinsa har sai an ba ni amsar wannan roƙo a rubuce.